Baromita na sauka kullum da la'asar, amma ruwa shiru

Assalamu alaikum. Don Allah masana yanayi ku taimaka mini, abin nan ya ɗaure mini kai.

Tun shigowar bazara nake rubuta nauyin iska a littafi, sau huɗu a rana, da 'yar ƙaramar baromita, wato na'urar auna nauyin iska. Abin da na koya shi ne, idan nauyin ya yi ƙasa hadari na tafe, idan ya hau gari zai washe. To amma tawa kullum sai ta hau wajen ƙarfe 10 na safe, ta sauka da kusan hektofaskal 3 (ma'aunin nauyin iska ke nan) zuwa ƙarfe 4 na yamma, da dare ta sake hawa. Ko ɗigon ruwa babu. Ranar da aka yi ruwan ma, ban ga wani bambanci ba.

Yaya zan bambance wannan hawa da sauka na kullum da ainihin saukar da ke kawo hadari? In riƙa kwatanta awon yau da na jiya a lokaci ɗaya ne?

Sannan tawa na nuna 958, taswirar intanet kuwa 1011. Na san masu taswirar suna daidaita awonsu da matakin teku, wato kamar a ce a bakin teku aka auna, inda matsakaicin yake 1013. In gyara tawa ne, ko in bar ta haka?