Kofunan Hoby: kayan alfarma ne ko kayan kece raini?

1/ Jama'a ku taya ni. Ina fassara wani darasin tarihi, sai na ci karo da abin da Turawa ke ce wa "status symbol", wato kayan da ke nuna wa jama'a matsayin mai su. Kwana biyu ina juya shi, ya ƙi zama.

2/ Ga inda maganar ta taso. A 1920 aka tono wani kabari a Hoby, tsibirin Lolland na ƙasar Danmak, inda mulkin Rum bai taɓa kaiwa ba. An binne mamacin da kayan liyafar Rumawa: bokitin tagulla, buta, faranti, da kofunan azurfa biyu masu hoton labarin yaƙin Taroy na tatsuniyoyin Girkawa. A gindinsu an karce sunan Silius. To akwai kwamandan Rum mai wannan suna a bakin kogin Rayin daga shekara ta 14 zuwa 21 miladiyya, shi ya sa masana da yawa ke ganin kyauta ce aka aika wa basaraken da aka binne a kabarin.

3/ Tasitus, marubucin tarihi na Rum, wajen shekara ta 98, ya rubuta cewa ƙabilun Jamusawan dā, irin mutanen Hoby, ba su ɗauki kwanon azurfa a bakin komai ba, daidai yake da na ƙasa a wurinsu. Kaburburan Hoby da na Lubieszewo a Polan sun ƙaryata shi.

4/ Na fara sa "kayan alfarma". Wani malamina ya ce, a'a ɗana, alfarma kyan kaya da tsadarsu take faɗa, ba ta faɗi abin da suke yi wa mai kallo ba. Ya yi gaskiya. "Kayan ƙasaita" ya fi kusa, amma ya karkata ga sarauta. "Kayan yayi" kuwa ban ma tsaya kansa ba.

5/ Sai yayata ta tuna mini jeren ɗakin kakarmu: tasoshi da kwalla har kusan rufi, ba a taɓa zuba tuwo a ko ɗaya ba. 'Yan ganin ɗaki ake jira su ƙirga.

6/ Don haka na tsaya kan "kayan kece raini". Na san wasu za su ce maganar zaure ce, ba ta littafi ba. Malam ma ya tambaye ni, wa gawa za ta kece wa raini? Na ce Allah gafarta Malam, magada ne. Su suka zuba azurfar Rum a rami gaban jama'a, suka mayar da ƙasa.