Yaya aka yi Bush babba ya tsira a Chichi Jima, abokan aikinsa biyu suka mutu?

Ɗan_Gwale:
Salamu alaikum. Na ji cewa Japanawa sun taɓa harbo jirgin George Bush babba a Yaƙin Duniya na Biyu. Su uku ne a ciki, amma shi kaɗai ya rayu. Sa'a ce kawai, ko akwai dalili? Masana a taimaka mana.

Mai_Taswira:
Wa'alaikumus salam. Abin ya faru ranar 2 ga Satumba, 1944, yana ɗan shekara 20. Ya taso daga San Jacinto, jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi, da jirgi samfurin Avenger ɗauke da bama-bamai huɗu, kowanne kusan kilo 227. An tura su ne su rusa tashar rediyon sojan Japan a tsibirin Chichi Jima, wajen kilomita 1,000 kudu da Tokyo. Yana sunkuyo da jirgin sai bindigar kakkaɓo jirage ta same shi, inji ya kama wuta. Duk da haka sai da ya saki bama-baman, sannan ya karkata zuwa teku, ya ce wa mutanensa su dira.

Malam, amsar tambayarka tana cikin ƙirar jirgin. Matuƙi yana zaune ne a kan laimarsa ta dira daga sama (parachute), murfi kawai zai ja baya ya fice. Na baya kuwa ƙofa ɗaya ce tasu, 'yar ƙarama, a gefen dama. Mai bindiga ba ya iya zama da laima a ɗakinsa saboda matsi. Sai ya sauko ciki, ya ɗaura ta a ƙirji, sannan ya nemi ƙofa, ga hayaƙi, ga jirgi yana tangaɗi. An ga mutum ɗaya ya fito bayan Bush, amma laimarsa ba ta buɗe ba. Abokan aikinsa biyu, John Delaney mai rediyo da William White, duk ba a ga gawarsu ba.

Tsohon_Makaniki:
Ƙari a kan bayanin Mai_Taswira: shi kansa Bush bai yi dirar da kyau ba. Ya ja igiyar laima da wuri, ya buga kansa a wutsiyar jirgin, laimar ta yage. Kwale-kwalen roba na mutum ɗaya da ke haɗe da mazauninsa shi ya cece shi. Da hannu ya riƙa tuƙi, yana amai, igiyar ruwa tana jan sa zuwa tsibirin. Jiragen Amurka suka kori kwale-kwalen Japanawa da suka taso kama shi. Bayan sa'o'i kusan huɗu sai Finback, jirgin ƙarƙashin teku na Amurka, ya ɓullo ya tsamo shi. Wannan ba katari ba ne, dama ana girke irinsu kusa da wurin hari don tsamo matuƙa. Ya yi kusan wata guda a cikinsa.

Da ya faɗa hannu, da labari ya sha bamban. Sojojin saman Amurka takwas da aka kama a tsibirin duk kashe su aka yi, har aka ci naman wasunsu. An yi wa kwamandan, Janar Tachibana, shari'a a Guam, aka rataye shi a 1947.

Ɗan_Gwale:
Subhanallah. Amma Yallabai, me ya hana shi sauke jirgin a kan ruwa, kowa ya fita?

Mai_Taswira:
An yi wannan muhawara a 1988 lokacin Bush yana takarar shugaban ƙasa, bayan wani mai bindiga na jirgin da ke kusa ya ce bai ga wuta ba. Wasu da ke wurin suka ƙaryata shi. Ka lura cewa a Yunin 1944 Bush ya taɓa sauke Avenger a kan ruwa, mutanensa duka suka tsira. Ya iya ke nan. A ganina, jirgin da wuta ta nufi tankin mai ba a jinkiri da shi.

Hajiya_Siyasa:
Ya gama yaƙin da fita hari sau 58. Daga Jami'ar Yale sai harkar mai a Texas. Majalisar Wakilai 1967 zuwa 1971, ya faɗi takarar sanata sau biyu, 1964 da 1970. Sai jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya, wakilin Amurka a Beijing, shugaban CIA a 1976, mataimakin Reagan shekara takwas, shugaban ƙasa 1989 zuwa 1993. Ya koma Chichi Jima a 2002 ya jefa furanni a teku saboda Delaney da White. Dirar da ta ɓaci masa kuwa, ya yi ta maimaita ta da tsufansa, har ranar da ya cika 90.