Ambaliyar Maiduguri: azaba ce, sauyin yanayi ne, ko sakaci?

Ɗan_Gwange:
Salamu alaikum jama'a. Tun da madatsar Alau ta ɓalle a Satumban 2024 ruwa ya mamaye Maiduguri, musu bai ƙare ba. Wasu sun ce zunubanmu ne suka jawo fushin Allah, wasu sun ce hayaƙin masana'antun ƙasashen Turai ne ya birkita damina, wasu kuma sun ce zancen sauyin yanayin ma dabarar cin kuɗi ce. Masana, ku warware mana.

Injiniya_Ngadda:
Wa alaikumus salam. A fara da ita madatsar. An kammala ta a 1986 a kan kogin Ngadda, domin ruwan shan Maiduguri da noman rani, kuma an tsara ta riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 112. Ta taɓa sakar wa gari ruwa a 1994, wato an samu gargaɗi shekara 30 kafin wannan.

Madatsar da aka yi ganuwarta da ƙasa hanya biyu take bi ta mutu. Ko ruwa ya haura ta sama ya riƙa zaftare bayanta har ya yanka, ko ya samu kafa ta ciki. Wannan ta biyun ita ce mugunya, don a ɓoye take aiki: gidan gara, ramin gafiya, ko saiwar itacen da aka bari ya girma a jikin ganuwa ta ruɓe, sai ruwa ya bi. Alamarsa a gindin ganuwa take. In tsattsafon da ke fitowa garau ne, da sauƙi, a dai riƙa auna shi. In ya fara fitowa da laka, to cikin ganuwar yake kwasowa, sai a rage ruwa nan take kuma a tashi mutanen da ke ƙasa.

Ga kuma cikowar yashi da laka. Kowace damina suna taruwa a ƙasan tafkin, wurin ajiya na raguwa, a takarda kuwa adadin bai canza ba. Sai a ɗauka akwai sauran wuri alhali babu. Abin da ya kamata shi ne a gwada ƙofofi da rani, a gyara mafitar rarar ruwa, a fara sakin ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin Agusta ta cika tafki. Mai jira sai ya cika sannan ya buɗe ƙofa, shi da kansa ya kawo ambaliya.

Malam_Na_Zaure:
Komai da ƙaddarar Allah yake faruwa, wannan babu ja. Amma cewa musiba kaza azaba ce a kan mutane kaza magana ce a kan gaibu, kuma wahayi ya yanke. Hadisi ingantacce ya lissafa wanda ya nutse a ruwa da wanda gini ya rufta wa cikin shahidai. To yaya za a kira mamatan unguwar Gwange waɗanda aka yi fushi da su? Kuma ruwan gidajen talakawa da ke bakin kogi ya fi ci.

Da Sayyidina Umar ya ji annoba ta ɓarke a Sham, juyawa ya yi da jama'arsa. Aka ce gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah yake gudu zuwa ƙaddarar Allah. In ana neman zunubin da za a tuba daga gare shi, cin amanar kuɗin gyara da sayar da fili a kan hanyar ruwa su ma zunubi ne, ba sai tufafin 'yan mata kaɗai ba.

Hajiya_Hasashe:
Sauyin yanayi ba ƙarya ba ne, Ɗan_Gwange. Duk digiri ɗaya da zafi ya ƙaru, iska na ɗaukar ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100, shi ya sa ruwan da a da yake rarrabuwa cikin mako yanzu yake jibgowa dare ɗaya. Madatsun shekarun 1970 da 1980 kuwa an gina su lokacin da fari ne damuwarmu.

Siyasar tana nan: Afirka ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, don haka neman diyya hakki ne, kuma a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Masar a 2022 aka amince da kafa asusun tallafa wa ƙasashen da sauyin yanayi ya jawo wa asara. Sai dai jami'ai sun mai da zancen sauyin yanayi laimar fakewa. Sauyin yanayi ya ƙara ruwan sama, amma ba shi ya cushe kwalbati da leda ba. Hukumar hasashen yanayi NiMet da hukumar lura da ruwan koguna NIHSA na fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara tun kafin ruwa ya sauka, har da sunayen ƙananan hukumomi.

Injiniya_Ngadda:
Haka ne Hajiya. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina Alau. Tambayoyin da ya dace mutanen gari su yi: an faɗaɗa mafitar rarar ruwa daidai da daminar yanzu? An yashe tafkin? Wa ke karanta ma'aunin ruwa kullum, kuma in ya kai jan layi da ƙarfe 2 na dare, wa zai tashi unguwannin bakin kogi?