Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi: a ɗakin shari'a ma haka ne?

Ɗan Birni: Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya a fada muna shayi aka ɗauko zancen kotunan Amurka, inda mutum 12 daga cikin talakawa ke yanke wa wanda ake tuhuma hukunci, alƙali na zaune yana kallo. Wani ya ce ai Bahaushe ya riga su: sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Ni ban gamsu ba. Karin maganar nan ta shiga nan?

Malam na Zango: Wa alaikumus salam. Ɗana, an ɗora ta inda ba wurinta ba. Zancen taron dangi take, in za a ɗaga jinka ko a tunkari azzalumi. Ta faɗi wanda zai yi rinjaye, ba ta ce shi ke da gaskiya ba. Mutum goma na iya haɗuwa kan shaidar zur.

Ɗalibar Shari'a: Allah gafarta Malam, binciken masana yana bayanka. A 1951 masanin halayyar ɗan Adam Solomon Asch ya riƙa zaunar da mutum cikin wasu da aka haɗa baki da su, a nuna musu layuka a ce wanne ya yi daidai da wannan. Amsar a fili take, yaro ma zai gane. Sai ƴan haɗin bakin su faɗi ƙarya ɗaya bayan ɗaya, shi kuma yana kusa da ƙarshen layi yana jiran nasa. Kusan kashi uku cikin huɗu na waɗanda aka gwada sun bi ƙaryar aƙalla sau ɗaya. Idonsu ya ga daidai, bakinsu ya bi jama'a. Kalven da Zeisel kuma, masu binciken kotunan Amurka, a 1966 sun gano cewa a shari'a kusan 9 cikin 10, ɓangaren da ya fi yawa cikin talakawan nan masu yanke hukunci a ƙuri'arsu ta farko shi ke cin ƙarshe. Wato sau da yawa muhawarar ta lallashin tsiraru ce kawai.

Hajiya ta Sabon Gari: To ƴata, ai kin tabbatar da karin maganar kenan, ba ki rushe ta ba. Yawa ya yi rinjaye. Kuma ni in za a yi mini shari'a, gara 12 da ɗaya. Alƙali ɗaya ana iya bin shi gida da dare da ambulan. Je ki bi gida goma sha biyu mu gani.

Ɗalibar Shari'a: Hajiya, nan kam kin kama ni. Amma ki lura da abin da Asch ya ƙara gani: da zarar mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya kafin shi, bin jama'ar ya faɗi ƙasa warwas. Shi ya sa ƙasashe ke ja-in-ja kan ko dole ne baki ya zo ɗaya. Ingila tun 1967 tana karɓar 10 cikin 12. Kotun ƙolin Amurka kuwa a 2020 ta ce a babban laifi sai duka sun yarda, ko da jiha ce ke shari'ar.

Malam na Zango: Mu nan fa? A shari'ar gado ko gona alƙali yana zama da dattawa masana al'ada, suna ba shi shawara, shi ke yankewa. A fadar Sarkin Damagaram ma in ana sulhu, kowa sai ya dubi bakin babba kafin ya buɗe nasa. Yawa na nan, amma bayan ƙarfi yake tafiya.

Ɗan Birni: Faransa kuma ta cakuɗa su, alƙalai 3 da talakawa 6 a ɗaki ɗaya suna ƙuri'a tare. Ƴar uwa, a irin wannan ɗakin wa ke jan wa?

Hajiya ta Sabon Gari: Mai baƙar riga mana. Wace mai sayar da ƙuli-ƙuli ce za ta ce wa alƙali ƙarya yake?