Kowa "da sauƙi" yake ce min, ta ina zan fara?

Ɗalibar Jinya: Salamu alaikum. An turo ni koyon aiki wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Ringim. Jiya an kawo wata baiwar Allah mai ciki, ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga. Na ce ya jiki, ta ce da sauƙi, uwar mijinta ce ke amsa sauran. Yayyena, yaya kuke samo bayani?

Anti Nas: Wa alaikumus salam ƙanwata. "Ya jiki" gaisuwa ce, amsarta ɗaya. Ki ce, "Me ya kawo ki yau? Nuna min wurin da hannu." Uwar mijin kuwa ki gaishe ta da kyau, sannan ki ce, "Iya, ɗan ba mu wuri zan duba ta." Tana fita bakin zai buɗe. Amma wannan kumburin, kin auna hawan jininta? In ya kai 140/90 bayan ciki ya yi sati 20, a duba fitsari, ki tambayi ciwon kai da ganin dishi-dishi, ki sanar da babba nan take. Jijjigar masu ciki, wadda hawan jini ke kawowa, ba ta sallama.

Ɗan Gumel: In kina son sanin watannin cikin, kada ki nemi kwanan watan Bature. Ce mata, "Jinin al'adarki na ƙarshe kafin azumi ne ko bayan Sallah?" Ki tambayi jiƙo da maganin kemis ba tare da ɓata fuska ba, in ba haka ba za a ɓoye miki.

Ɗalibar Jinya: Na auna Anti, 150/100 ne, an tura ta babban asibiti. Fitsarin ne ba mu da abin gwajinsa.