Masu raino, ina kuke kai yaran nan in zaman gida ya ishe su?

Maman Ilham, Unguwar Dosa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nazo nema. Ina rainon yara shida a gidana, iyayen duk masu fita aiki ne, wasu koyarwa suke wata kuma shago gareta a babbar kasuwa ta Sheikh Gumi, ana kawo min su bakwai da rabi na safe sai ƙarfe huɗu azo a kwashe. Ƙaramin cikinsu shekara biyu da rabi, babbar ta kusa biyar. Tsakar gidan namu ɗan ƙarami ne kuma siminti ne, kafin sha ɗaya sun gaji da kayan wasan da nake dasu sai faɗa da kuka, wannan ya ƙwace na wancan, ƙarshe in kunna musu katun a talabijin, in ba wuta in miƙa waya. Jiya wata uwa take ce min ɗanta yana shiga gida waya yake fara nema, ba da faɗa ta faɗa ba amma wlh maganar ta kwana a raina, amana aka bani ba ajiya ba. Inaso in riƙa fita dasu ko sau ɗaya ne a wata, nayi tunanin Gamji Gate, wajen shaƙatawan nan na Kaduna, amma kogin da ke gefensa yana bani tsoro, kuma ni da ƙanwata ne kawai. Ina kuke kai naku? A cikin gida kuma me kuke musu wanda ba sai an kashe kuɗi da yawa ba?

Malama Hadiza, Malali:

Wa alaikumus salam Maman Ilham, Allah ya saka da wannan kulawa. Na koyar a ajin nazare shekaru kafin in buɗe nawa rainon, abinda zan fara ce miki shine ki daina kallon fita a matsayin sai an shiga mota. Ɗan shekara uku bai san nisa ba, shi komai sabo ne a wajensa, layinku kaɗai ya isheki wata uku baki maimaita wuri ba.

Ni ranar Laraba muke fita, ƙarfe tara kafin rana tayi zafi, minti arba'in mun dawo. Satin farko wajen tela, tun daren jiya na roƙeshi, ya barsu suka ga yadda ƙafa take juya keke allura na hawa da sauka, ya tara mana ƙyallaye a leda. Wani satin wajen mai niƙa, daga nesa muke tsayawa saboda ƙara da bel ɗin injin, kowa ya taɓa masara kafin a zuba ya kuma taɓa garin bayan ya fito, wani yaro ya tambayeni wai ina masarar ta tafi, wannan tambayar ai itace karatun. Akwai kafinta, akwai mai faci da yake nutsa tayar keke a ruwa yana neman inda kumfa ke fitowa, wannan kam sai da na janyesu da ƙyar. Wajen mai kayan miya kowa zai ƙirga tumatir uku da bakinsa ya miƙa kuɗi ya ce an gode. Gaisuwa ma a nan suke koyonta, duk dattijon da muka wuce sai an rusuna an ce ina kwana Baba.

Amma daɗin abin sai an dawo gida. Duk inda mukaje shi za'a kwaikwaya har sati ya ƙare, kwali ya zama keken ɗinki, ƙyallayen nan a rarrabasu ja da ja, shuɗi da shuɗi, babba da ƙarami, kinga an koyi kala da girma ba allo ba bulala. Ki kuma tara gwangwanin madara ki daddake bakin kar ya yanke su, ki huda ƙasan, kowa ya zuba ƙasa ya shuka wake ƙwaya uku, cikin kwana huɗu zuwa biyar zai tsiro, da safe kafin su cire takalmi wajen gwangwaninsu suke nufa. Sai ƙullin wasa, kofi biyu na fulawa, kofi ɗaya na gishiri, ruwa kusan kofi ɗaya da ɗan mai cokali biyu, ki raba ki sa ruwan zoɓo a wani, kurkum a wani, in kin rufe a roba yana kwana biyu bai bushe ba.

Abban Sadiq, Barnawa:

Hajiya ni uba ne, 'yata tana wajen mai raino, bari in faɗi ta ɓangarenmu. Kar ki fita da ɗan kowa ko bakin layi ne sai iyaye sun sani, ki rubuta a guruf ɗinku na WhatsApp inda zaku, ƙarfe nawa, da wa da wa, kowa ya amsa da kansa, wanda yayi shiru to ɗansa bai tafi ba. Yadda garin nan yake ba wanda zai ji daɗi ace an ga ɗansa a Keke Napep bai da labari.

Gamji ba laifi, mun sha zuwa, sunansa na hukuma ma filin shaƙatawa na Janar Hassan Usman Katsina, akwai inuwar manyan bishiyoyi da fili, ga tsohuwar gadar Gwamna Lugga ta ƙafa da aka ɗauko daga Zungeru. Amma tsoronki yana kan hanya, bakin Kogin Kaduna yake, in damina tayi nisa wajen Agusta da Satumba ruwan ba na wasa bane. Yara shida manya biyu yayi kaɗan, hannu biyu gareki, yaro biyu kenan, ki samu ta uku ko cikin iyayen ne. Kuje ranar aiki da safe, banda lokacin sallah dan cunkoson yafi ƙarfin ƙananan yara. A sa musu riga kala ɗaya, a maƙala kati da lambar wayarki a jikin kowa amma kar a rubuta sunan yaron a inda baƙo zai karanta ya kirashi dashi. Keke kuma wanda kuka sani za'a ɗauka shata, yara a tsakiya manya a baki.

Gidan tarihi na kan titin Ali Akilu shima yana nan, tun 1975 aka buɗe shi a tsohon ginin jam'iyyar NPC, akwai kawunan yumɓu na Nok, sai dai gsky ya fi dacewa da 'yan firamare, nawa minti goma suka yi suka fara guje-guje. Abinda ya fi burgesu jirgin ƙasa ne, ranar da muka raka kawunsu tashar Rigasa zai hau na Abuja, wanda ya fara aiki a 2016, sati guda gidanmu kujeru a jere ana ƙugin jirgi.

Sista Rabi, Kawo:

Anti ni ma'aikaciyar jinya ce, kan wayar zan yi magana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019, yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 kar kallonsa ya wuce awa 1 a yini, in ya gaza haka ma ya fi, kuma yana buƙatar motsa jiki na minti 180 a warwatse cikin yinin, 'yan 3 zuwa 4 a ciki minti 60 ya zama na guje-guje da tsalle sosai. Toh in kin basu awa ɗaya a wajenki sun koma gida an ƙara biyu kinga lissafi ya ɓaci, dole ku haɗa baki da iyayen.

Waken Malama Hadiza yana da kyau amma ɗan shekara biyu da rabin nan ki riƙe masa da kanki, mun sha ganin wake da dutsen ado a hanci da kunne, gyaɗa kuma tana shaƙe su. Ƙullin ma gishirinsa yayi yawa kar a bari a ci. In za'ayi wasan ruwa ana gamawa a kife bokiti da baho, ruwa kaɗan yana kashe yaro kuma ba ihu zakiji ba. Maris da Afrilu kar a fita bayan goma na safe, kowa da gorar ruwansa, lokacin hunturu kuma ki tambaya ko akwai mai asma kafin ki fitar dasu cikin ƙura.

Hajiya Goggo, Tudun Wada:

'Yata Allah ya miki albarka. Jikata ce take rubuta min. Ni dai ban yarda da wasa da fulawa ba, abinci ne, ga tsada, kuma yaro zai tashi yana ganin abinci abin wasa ne. Me ya samu yumɓu? Mu da tuwon ƙasa muka tashi, ki sa a kawo miki yashi mai tsafta buhu ɗaya ki zuba a tsohuwar taya a gefen tsakar gida, ki riƙa rufewa saboda kyanwa, ki basu murafe da ludayi ki ga in zasu nemi waya. Karan dawa a yi musu mota da 'yar tsana. Bayan azahar in sun ci abinci a shimfiɗa tabarma ki ce ga ta nan ga ta nanku, su ce ta zo mu ji ta, ki basu Gizo da Ƙoƙi kina canza murya, ki yi musu ƙulin ƙulifita su ce gauta. Masu cewa ba'a tatsuniya da rana ai dan kar a bar aiki ne aka faɗa, ke kuwa aikinki kenan. 'Yan matan a koya musu tafin gaɗa, a haɗa da addu'ar cin abinci da ta shiga bayi, a wannan shekarun suke kamawa. In akwai tsohuwa a maƙwabta mai kiwon kaji ko awaki ki kaisu su watsa tsaba, ita ma zata ji daɗin ganinsu.

Maman Ilham, Unguwar Dosa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na rubuta a guruf kamar yadda Abban Sadiq yace, biyar sun amince, uwa ɗaya tace a bar mata nata tukunna, na bar shi da ƙanwata na roƙi maƙwabciyata da 'yarta budurwa suka rakani. Yau mukaje wajen telan bakin layinmu, ya ɗinka wa kowa ɗan aljihu da ragowar atamfa, babbar tana ta tambayarsa me yasa zaren sama da na ƙasa basa rikicewa har sai da ya buɗe mata ta ga kwarkwaron. Tun da muka dawo ba wanda ya ce katun. Goggo na sa a kawo yashin ranar Asabar, taya ma na samu wajen mai faci. Gamji kuma mun barshi sai bayan damina, iyaye biyu sunce zasu ɗauki hutu su bimu. Sista Rabi dan Allah in kin leƙo, me da me ya kamata in zuba a ɗan akwatin taimakon gaggawa da zan riƙa fita dashi?