Jam'iyya, kotun tsarin mulki da ECOWAS: taƙaitawar mahawara

1. An yi ittifaƙi cewa ƙarfin kotu yana ga bin hukuncinta. A Nijar a 2009 kotu ta haramta ƙuri'ar raba gardamar tazarce, Shugaba Mamadou Tandja ya rushe kotun. A Senegal kuwa, da Majalisar Tsarin Mulki ta soke ɗage zaɓen 2024, Shugaba Macky Sall ya bi, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris.

2. Shawara ga 'yan adawa: ku riƙe sashe na 2 na yarjejeniyar ECOWAS ta 2001 kan dimokuraɗiyya da shugabanci nagari. Ya hana babban sauyi a dokar zaɓe cikin wata 6 kafin zaɓe, sai da amincewar mafi yawan 'yan siyasa.

3. Kan takunkumin ECOWAS aka rabu. Wasu na ganin ya zama dole, wasu sun ce talaka ke shan wahalarsa, kuma Shugaba Alpha Condé na Guinea ya zarce a 2020 amma ECOWAS ba ta dakatar da ƙasar ba.